Ƙugiyar da Ta Zube a Littafin Baba

A gidan surukansa babu mai kiransa da sunansa. Injiniya ake ce masa tun ranar da ya fara zuwa gaisuwa, ko da yake bai taɓa gina gada ba, bai kuma taɓa kwance inji ba. Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta ne, a wani ƙaramin ofis na mutum biyar da ke saman shagon masu sayar da fenti. Amma a wurin dangin matarsa duk ɗaya ne. Waya ta ƙi caji, a kira Injiniya. Talabijin ya ɗauke hoto, a bari Injiniya ya zo. Shi kuwa yana jin daɗin sunan fiye da yadda yake nunawa.

Manhajar da ofishinsu ke yi ta shirya littattafai ce kafin a kai su wurin bugawa, kuma dole ta yi aiki a kowace irin kwamfuta mai saye yake da ita. A nan wahalar take. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi da lambarsa, kowace irin kwamfuta kuma da girman gurbin da take ajiye lambar. Wata gurbinta yana da faɗi, zai ɗauki duk harafin da ɗan Adam ya taɓa rubutawa. Wata nata rabin wannan ne, sai an raba wasu haruffan biyu kafin su shiga. Tsofaffin da ke jan injinan wasu maɗaba'u kuwa, haruffa ɗari biyu da 'yan kai kawai suka sani, kuma a cikinsu babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ɓangaren da ke ɗauko rubutu daga wannan kwamfuta ya sauke shi a waccan lafiya, shi ne na Injiniya. Shi ya rubuta shi daga farko har ƙarshe, kuma ba ya son kowa ya sa masa hannu a ciki.

Wata takwas kafin abin ya faru, masu saye sun dame su da ƙorafi. Duk harafin da tsohuwar kwamfuta ba ta sani ba, sai ya fito alamar tambaya, shafi ya yi dabbare-dabbare. Injiniya ya zauna kwana biyu ya fito da dabara: idan harafi ba zai wuce ba, manhajar ta musanya shi da wanda ya fi kama da shi, shiru, ba tare da ta tambayi kowa ba.

Mai gwada aikinsu wata mata ce mai gilashi da ba ta cika magana ba. 'Yar Sanda suke kiranta, don babu kuskuren da ke tsere mata. A taron safiyar Litinin ta ɗaga hannu.

"Injiniya, ni wannan bai kwanta min ba. Da alamar tambaya ta fito, mutum zai gani ya san an yi ɓarna. Yanzu rubutu zai fito tsaf-tsaf, alhali ba shi aka rubuta ba."

"To me kike so a yi?"

"Ta tsaya. Ta ce wa mutum harafi kaza a layi kaza ba zai wuce ba, shi ya zaɓi abin da za a yi."

"Ta tsaya?" Ya yi dariya yana juya kujerarsa. "A kan 'yar wutsiyar harafi? Kullum mutane suna rubutu a waya babu ƙugiya, wa kika ji ya mutu?"

Aka yi dariya, har da Oga, mai ofishin. 'Yar Sanda ta miƙe. Ta koma teburinta ta rubuta rahoto kamar yadda aikinta ya tanada, da jerin haruffan da za su lalace. Injiniya ya rufe rahoton da kalma uku: ba matsala ba.

Surukinsa, wanda kowa ke kira Baba, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Shekara talatin da biyar yana koyar da harshe, kuma har yanzu ba ya fita sai da jan biro a aljihu. Bayan rasuwar matarsa sai ya rage magana, ya koma rubutu. Ya cika littattafan rubutu na 'yan makaranta guda shida da labarin zamansu: yadda ya fara ganinta a layin asibiti, ɗaki ɗayan da suka fara zama, shekarar da ya yi jinyar ƙafa ita ke ɗaukarsa zuwa banɗaki. Matar Injiniya, wadda ita ce babbar 'yarsa, ta riƙa zuwa duk Asabar da kwamfutar mijinta tana buga rubutun, Baba yana zaune kusa da ita da gilashi a kan hanci.

"Wannan ɗ ce, ba d ba. Koma."

"Baba, na sa mata."

"Ta layin sama nake nufi. Koma."

Wata huɗu suka yi a haka. Da aka gama, Baba ya kira Injiniya ya ce yana so a buga kwafi ɗari da ashirin, a raba wa dangi ranar da matarsa, Mama, za ta cika shekara guda da rasuwa. Wanda zai buga abokinsa ne na shekara arba'in, wani dattijo mai ƙaramar maɗaba'a da Baba ke kira Mai Tawada. Kusan kowace safiya Baba yana can shagonsa a kan benci, suna shan shayi suna gardamar da ba ta ƙarewa.

"Kai ne masanin wannan harka," in ji Baba. "Na damƙa maka."

"Baba, ka ɗauka an gama."

Injiniya ya shirya littafin da manhajarsu, ya duba shi a allonsa shafi-shafi, komai ya zauna daram. Bangon ya yi shi daban a matsayin hoto. Ya san kwamfutar Mai Tawada, wata tsohuwa da jikinta ya koma rawaya, wadda dattijon ba ya barin kowa ya taɓa don ita ke jan injinsa. Sai ya zaɓi irin fayil ɗin da za ta iya buɗewa, ya latsa, ya tura. Manhajar ba ta ce masa uffan ba.

Ranar Laraba yana cikin cunkoson mota, rana ta take, wayarsa ta yi ƙara.

"Injiniya, Mai Tawada ne. Na fitar da gwaji, amma akwai abin da idona bai kwanta da shi ba. Rubutun nan kamar an yi masa aski. Ko za ka leƙo ka gani?"

"Baba Mai Tawada, allonka ne ya tsufa. Na duba komai a wurina."

"Ai ba a allo ba, a takarda nake..."

Wani ya danna hon a bayansa. "Lokaci ya ƙure, Asabar ce fa. Buga kawai, na duba."

Dattijon ya ce, "To. Kai ne masani."

Safiyar Asabar aka kawo littattafan cikin kwalaye. Bangon ya yi kyau, hoton Mama tana murmushi, sunan littafin da ƙugiyoyinsa cif. Baba ya shafa bangon da tafin hannu, ya ƙi buɗewa. Ya ce ƙanwar Mama ce za ta fara karantawa a gaban kowa, shi ma a bakinta zai ji.

Da la'asar falon ya cika har baranda. An jawo kujerun cin abinci, yara sun zauna a ƙasa. Matar Injiniya tana bakin ƙofa tana miƙa wa duk wanda ya shigo kwafinsa. Kawu, yayan Mama, ya zauna a babbar kujera da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Mai Tawada ya zo da sababbin kaya, ya zauna kusa da ƙofa, bakin faratansa duk tawada kamar kullum. Injiniya yana zagayawa da tiren kofuna, ana ta yi masa sannu da aiki.

Inna Ƙarama ta miƙe. Ita ce autar su Mama, ma'aikaciyar jinya ce, mai murya kamar ta gidan rediyo. Ta buɗe shafin farko ta fara. A layi na uku ta ɗan yi tuntuɓe, ta ce Mama ta iya karɓar baki, ta gyara ta ce baƙi, ta ci gaba. Da ta zo inda Baba ya ba da labarin ranar da suka tare, hawaye ya cika mata ido. Tana share ido da bayan hannu tana karantawa da sauri don ta kai ƙarshe kafin kuka ya ƙwace mata. Baba ya rubuta cewa ita ce babbar ƙaruwar da ya samu a rayuwarsa. Inna Ƙarama ta karanta abin da ke kan takarda, da ƙarfi, a gaban kowa.

"Ita ce babbar karuwar da na samu a rayuwata."

Ita kanta sai da kalmar ta fita ta ji ta. Ta kai hannu baki.

"Me kika ce?" in ji Kawu.

Ta sake kallon shafin, littafin ya suɓuce mata ya faɗi. Wata mata ta ce innalillahi. Ko'ina sai ƙarar buɗe shafi kake ji, kowa yana neman layin a nasa kwafin, kowa kuma yana samunsa.

Baba ya sunkuya ya ɗauki littafin. Ya kawo shi kusa da ido. Ya buɗe tsakiya, ya buɗe ƙarshe.

"Ba haka na rubuta ba," ya ce. Ya sake faɗa, a hankali. "Ba haka na rubuta ba. Babu ƙugiya ko ɗaya a cikin littafin nan."

Kawu ya juya da sandarsa ya nuna bakin ƙofa. "Kai ka buga wannan?"

Mai Tawada ya miƙe tsaye. "Ni na buga."

"Shekara nawa kana wannan aiki? 'Yar'uwata tana kabari ka buga mata wannan suna sau ɗari da ashirin? Ba ka da ido ne, ko karatun ne babu?"

Dattijon ya ɗago kai ya dubi Injiniya. Kallo ɗaya ne, bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Sannan ya mayar da idonsa ƙasa.

"Daga shagona ya fito. A yi haƙuri."

Injiniya yana tsaye da tire a hannu. Tun kafin Baba ya ambaci ƙugiya ya riga ya san abin da ya faru, har layin da ya rubuta yana gani a idonsa. Ya buɗe baki, ya ga Kawu, ya ga sandar, ya ga matarsa tana kuka a bakin ƙofa. Sai wani daga cikin 'yan'uwa ya ce, "Injiniya, wai yaya ake yi haka ta faru?"

Ya ji muryarsa tana cewa, "Tsofaffin injinan nan, wani lokaci sukan yi haka."

Ba ƙarya ba ce ƙarara, shi ya sa ta fita da sauƙi. Aka gyaɗa kai. Mai Tawada ya sa takalmansa ya fita, babu wanda ya raka shi. Inna Ƙarama ta bi ta ƙofar baya, ko jakarta ba ta ɗauka ba. Taro ya watse ba sallama, wasu sun bar kwafinsu a kan kujera, wasu sun tafi da shi.

A mota matarsa ba ta yi shiru ba har gida. Wata huɗu tana bin ƙugiya ɗaya-ɗaya, tsoho ya zo ya share su da rubabben injinsa. Da ma ta faɗa wa Baba a kai wa masu aikin zamani. Abota daban, aiki daban. Injiniya yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, yana cewa uhm.

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa ofis. Ya ɗauko fayil ɗin Baba ya bi da shi ta hanyar da ya bi da shi a baya, yana fatan ko wani abu daban zai gani. Ya fito a aske. Ya buɗe nasa rubutun ya gangara har wurin jerin musanya. Ga shi nan: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. A gefe har da bayanin da ya rubuta wa kansa, cewa babu wanda zai lura. Ya rufe kwamfutar da sauri da ya ji takun 'Yar Sanda a matakala, kamar wanda aka kama yana leƙen aljihun wani. Ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Kwana uku yana yawo da abin a cikinsa. Yakan shirya maganar a mota, kalma bayan kalma, da ya iso gida sai bakinsa ya yi nauyi. Ya riƙa gaya wa kansa cewa za a sake bugawa, za a manta, tonawa ba za ta mayar da kalmar cikin bakin Inna Ƙarama ba. Matarsa kuwa tana kawo masa labari. Baba bai je shagon ba tun ranar. Mai Tawada ya zo gida sau biyu, Baba ya ce a ce yana hutawa. Inna Ƙarama ba ta ɗaga wayar kowa.

Ranar Alhamis da safe yana ɗaure igiyar takalmi wayarsa ta yi ƙara. Ya ga sunan Mai Tawada.

"Injiniya, ina kwana? Zan sake buga littafin nan, takarda na wurina. Ka turo min wanda ba a yi wa aski ba, in da hali."

"Baba Mai Tawada, ni..."

"Tsaya. Ban faɗa wa kowa kai ka ce in buga ba, kuma ba zan faɗa ba. Ni da surukinka mun saba faɗa mu shirya. Kai kuwa suruki ne, kana da 'ya'ya a gidan. Ka bar shi a kaina. Ni ma da laifina, da na gani ai sai in kira shi."

Da dattijon zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa har matarsa ta leƙo ta ce zai makara. Ya bi ta kicin. Tana wanke kofuna, ya faɗa mata komai yana kallon bayanta: jerin musanyar, rahoton da ya rufe, kiran ranar Laraba.

Ta kashe famfo. Ta juyo tana kallonsa kamar baƙo.

"Ya kira ka?"

"Ya kira."

"Ka bar ni kwana biyar ina zagin dattijo a gabanka, kana ce min uhm?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka bar Kawu ya nuna shi da sanda." Ta goge hannu da tsumma, ta ninke shi, ta sake ninkewa. "Ka je wurin Baba yanzu. Ni ba zan raka ka ba."

Ya tarar da Baba a baranda, kwafi ɗaya a kan cinya, jan biro a hannu. Yana bin layi-layi yana sa wa haruffa ƙugiya. Ya kai shafi na talatin da wani abu, shafukan sun yi jajawur. Injiniya ya cire takalmi, ya ƙi kujerar da aka nuna masa, ya zauna a ƙasa. Bayan gaisuwa ya fara, idonsa a kan siminti. Ya soma da bayanin gurbi da lamba, sai ya ji kansa yana laɓewa a bayan bayanin, ya tsaya.

Baba ya rufe biron. "Bari in tambaye ka, ka amsa min a gajarce. Injin ya yi kuskure?"

"Bai yi ba, Baba."

"Abin da aka turo masa ya buga."

"E."

"Wa ya cire ƙugiyoyin?"

"Manhajar da na rubuta. Ni na ce mata ta cire, kada ta faɗa wa kowa."

"Babu wanda ya ce maka kada ka yi?"

"An faɗa min a ofis, na yi wa mai faɗar dariya. Baba Mai Tawada ma ya kira ni kafin ya buga, ya ce in zo in gani. Na ce ya buga kawai."

A titi wani mai babur ya wuce. Baba ya cire gilashi ya matse idanunsa da yatsu biyu.

"Harafin ba zan riƙe ka da shi ba. Na yi shekara talatin da biyar ina gyara wa mutane harafi, na san yadda yake zubewa. Amma kana tsaye da tire a hannu ana ci wa mutumin nan fuska a falona. Aka tambaye ka, ka ce injinsa ne." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ni kuma na yarda da kai, na hana shi shiga gidana. Ka ga abin da ka sa na yi?"

Injiniya ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce a yafe masa.

Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Tashi ka kai ni."

Shagon Mai Tawada siriri ne, yana warin tawada da man inji. Dattijon yana tsaye a wurin injin yankan takarda, yana jera sabuwar takarda. Da ya gan su tare ya gane. Ya dubi Injiniya ya girgiza kai. "Ai na ce ka bari."

Baba bai bar Injiniya ya fara ba. Ya cire hularsa a tsakiyar shagon, ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce, "Na zalunce ka. Ka zo ƙofata sau biyu na sa aka ce ina hutawa, alhali ina jin muryarka. Ka yafe ni."

"Haba, mayar da hular nan, kada sanƙon ya kashe min ido."

Suka yi 'yar dariya, ta tsofaffi, idanunsu sun yi ja. Injiniya yana bakin ƙofa. Ganin Baba babu hula yana roƙon gafara a kan laifin da ba nasa ba ya fi masa zafi a kan duk abin da ya faru a falo. Da nasa lokacin ya zo ya durƙusa ya faɗi abin da zai faɗa. Mai Tawada ya ɗago shi ta kafaɗa, ya bar masa shaidar yatsu a farar riga.

"Ya wuce. Amma gobe in tsoho ya ce maka zo ka gani, ka zo ka gani."

Daga nan ofis ya wuce. Ya tsaya a gaban teburin 'Yar Sanda, inda kowa ke ji, ya ce rahoton da ta rubuta wata takwas da suka wuce gaskiya ne, shi ne ya yi kuskure, kuma dariyar da ya yi mata bai kyauta ba. Ya ba su labarin littafin, bai rage komai ba. Wani ya fara murmushi da ya ji kalmar, ya dubi fuskar Injiniya, ya haɗiye.

'Yar Sanda ta gyara gilashinta. "Allah ya jiƙanta," ta ce. Sannan ta juya allonta. "Jerin nan ya ƙaru tun lokacin. Ba namu haruffan kaɗai ba ne, na harsuna goma sha ɗaya ne. Jawo kujera."

Kwana huɗu suka yi a kai. Suka cire musanyar. Yanzu idan harafi ba zai wuce ba, manhajar takan tsaya ta nuna shi, da shafinsa da layinsa. Don tsofaffin injina kuma suka ƙara wata hanya da ke tura kowane harafi da zanensa, yadda ko kwamfutar ba ta san lambarsa ba za ta buga shi yadda yake. Ta gwada a kwamfutoci uku na ofis, ta ce bai isa ba, sai da suka je shagon Mai Tawada ta gani a takarda da idonta. Oga kuma ya sa Injiniya ya rubuta wa duk masu saye wasiƙa da hannunsa, ya gaya musu abin da manhajar ta yi wata takwas tana yi wa rubutunsu.

Sabon bugun ya fito bayan mako biyu. Baba ya karanta gwajin da kansa daga bango zuwa bango kafin ya ce a buga. Tsofaffin kwafin da suka fita daga gidan arba'in da ɗaya ne. Baba ya rubuta sunayen gidajen a takarda ya miƙa wa Injiniya.

"Ka kai sabo, ka karɓo tsoho. Kuma kowane gida ka faɗa musu ba mai bugawa ba ne."

Haka ya yi ta yi, bayan an tashi aiki da ranakun hutu, kwali a bayan mota. Maganar ba ta yi masa sauƙi ba ko a gida na talatin. Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Wata tsohuwa ta ce ita da ma ba ta gani, jikokinta ba su karanta mata ba tukuna. Kawu ya bar shi a tsaye ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Ashe ban nuna wanda ya dace ba," ya aika aka ɗauko littafin daga ƙarƙashin gado, inda ya jefa shi. Washegari aka ga Kawu da sandarsa a ƙofar maɗaba'a.

Gidan Inna Ƙarama ya bari kusan ƙarshe. Ya je ranar Lahadi da hantsi. Ta bar shi a falo kusan rabin awa kafin ta fito, ta zauna nesa da shi, ba ta kawo masa ko ruwa ba. Ya sauka daga kujera ya faɗa mata. Tana sauraro tana kallon taga.

"Ita ta goya ni," ta ce da ya gama. "Uwarmu ta rasu ina da shekara huɗu. Duk duniya babu wanda ya taɓa faɗa mata baƙar magana a gabana na ƙyale shi. Sai ga shi ni ce na tsaya a gaban 'ya'yanta da jikokinta na kira ta da wannan. Kai za ka gyara injinka. Ni da me zan gyara bakina?"

"Inna, ba ke kika faɗa ba. Ni na sa miki a baki."

"Kunnena muryata ya ji."

Ya miƙa mata sabon littafin da hannu biyu. Ta daɗe kafin ta karɓa. Ta buɗe shafin farko, ta bi shi da yatsa har ta iso layin, ta tsaya a kai. Leɓɓanta suka motsa, ba sauti. Ta ci gaba zuwa shafi na biyu, wanda ba ta kai gare shi ba a ranar, sannan na uku. Injiniya yana zaune a ƙasa bai motsa ba, ƙafarsa ta yi tsami. A shafi na biyar ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta share ido.

"Ji ƙarya. Ba shi ya fara yi mata magana a layin asibitin ba, ita ce. Ina wurin."

Ta rufe littafin ta ɗora a kan cinya. Ya tambaye ta tsohon kwafin da yaranta suka taho da shi gida, ta ce ta ƙona shi tun ranar.

"Ka ce wa matarka ta kawo min jakata, na gaji da aron ta maƙwabciya. Ka ce wa Babanku zan zo ranar Juma'a, akwai gyaran da zai yi a shafi na biyar."

Ba ta raka shi ƙofa ba. Ya fito ya zauna a mota, hannunsa a kan makulli, ya daɗe bai murɗa ba. Sannan ya ciro takardar Baba ya ja layi a kan gidanta. Saura gida biyu, ɗaya a can bayan tashar jirgin ƙasa. Ya duba agogo, ya ga zai iya kaiwa kafin azahar, ya tayar da mota.